Ƙanena ya rubuta wa ƴan kaso koke, yanzu ana yi masa bi-ta-da-ƙulli: ina mafita?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar unguwar Garin Malam ce a nan Damagaram. Ƙanena yana ɗaure a wani gidan kaso na cikin jiharmu, an yanke masa shekara biyar, ya ci uku. Da yake ya yi lakwal kuma ya iya rubutu da Faransanci, shi ne yake rubuta wa ƴan ɗakinsu wasiƙu, har da wasu mutum biyu da aka yanke wa hukuncin kisa waɗanda babu mai zuwa duba su. Kwanakin baya ya rubuta koke a kan ƙarancin abinci da rashin magani, mutane da dama suka dangwala yatsa. Tun daga nan aka kai shi ɗakin horo, aka hana mu ganinsa, aka mayar mana da abincin da muka kai, kuma muna jin ana cewa za a ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa. Mahaifiyarmu ta ce ya ja bakinsa ya yi shiru har ya ƙarasa wa'adinsa. Shin laifi ya yi? Me za mu iya yi masa, kuma me za a iya yi wa waɗancan mutum biyun?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo masa mafita, ya kuma ƙara wa Inna haƙuri. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko doka ta ba ɗan kaso damar yin koke da taimakon abokan zamansa, da yadda iyali za su kare shi idan masu tsaronsa suka juya masa baya saboda haka, sannan da abin da za a yi wa mutumin da ke zaune da hukuncin kisa a wuyansa. Aikina shi ne ba da shawarar shari'a ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma shiga gidajen kaso yana cikin aikin, don haka zan amsa miki da abin da dokoki suka tanada da kuma abin da na ga yana aiki idan an zo ƙasa.

Shin laifi ne?

Ɗauri yana raba mutum da ƴancin yawo, amma sauran haƙƙoƙinsa na ɗan Adam suna nan tare da shi. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta haƙƙoƙin farar hula da na siyasa a 1986, wadda sashe na 10 nata ya ce duk wanda aka tsare a riƙe shi da mutunci. A cikin gida kuma akwai doka mai lamba 2017-08 ta ranar 31 ga Maris 2017, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan tafiyar da gidajen kaso a ƙasar nan. Amma inda aka fi fayyace maganar koke dalla-dalla shi ne a ƙa'idojin da babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a Disambar 2015, guda 122, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 56 ta ce a kowace rana ɗan kaso yana da damar gabatar da buƙata ko koke ga shugaban gidan, yana da damar yin magana da mai bincike daga waje ba tare da shugaban yana wurin ba, kuma yana iya aika koke ga hukumar da ke sama da gidan ko ga alƙali ba tare da an taɓa abin da ya rubuta ba. Ƙa'ida ta 57 ta ƙara da cewa kada a yi ramuwar gayya ko a tsorata wanda ya yi koken. Waɗannan ƙa'idoji ba su da ƙarfin doka irin na yarjejeniyar da ƙasa ta rattaba wa hannu, sai dai su ne ma'aunin da ake auna kowace ƙasa da shi, kuma ma'aikatan shari'a namu sun san su, ana koyar da su a tarurrukan ƙara wa juna sani.

Saboda haka rubuta wa wanda bai iya rubutu ba wasiƙa, ko da mai hukuncin kisa ne, ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne dangwala yatsun nan. Hukumomin kaso kusan ko'ina suna bambanta koken mutum ɗaya da koken taro, domin a idonsu takarda mai yatsu ashirin alama ce ta cewa akwai wanda mutane ashirin suke jin maganarsa, kuma abin da shugaban kaso ya fi tsoro a duniya shi ne bore ko fasa gida. Ina kyautata zaton da wannan za su kafa hujja idan aka tambaye su. Ko da kuwa dokar cikin gidan ta hana koken taro, horon da za a yi masa yana da iyaka. Ƙa'ida ta 41 ta ce a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi damar kare kansa. Ta 43 ta haramta duka, da ɗaki mai duhu, da rage abinci ko ruwan sha, da hukunta jama'a saboda laifin mutum ɗaya, ta kuma ce hana ganin iyali ba zai zama hanyar horo ba. Ta 44 ta bayyana cewa killace mutum shi kaɗai na awa 22 ko fiye a yini, idan ya wuce kwana 15 a jere, ya shiga cikin abin da aka haramta. Ki lura da wannan adadi na kwana 15, domin da shi za ki auna halin da ƙanenki yake ciki.

Me ke jawo bi-ta-da-ƙulli?

Yana da kyau iyali su fahimci wanda suke fuskanta. A nan Nijar gidajen kaso suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, amma masu tsaronsu jami'an gardi ne na ƙasa, waɗanda horonsu na asali na tsaro ne da bin umarni. Mutumin da aka horar a kan cewa na ƙasa ba ya ja da na sama, idan ɗaurarre ya miƙa masa takardar koke, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne raini. Ga shi kuma sau da yawa abin da ake kokawa a kai ya fi ƙarfin shugaban gidan: kuɗin abinci ba su isa ba ko ba su zo a kan lokaci ba, ɗakin magani babu komai a ciki, ginin da aka yi don mutum ɗari yana ɗauke da ninkin haka, kuma da yawa daga cikinsu ma jiran shari'a suke yi. Shugaban da ba zai iya ƙara hatsi ba yana iya rufe bakin mai magana a kan hatsin, kuma wannan ya fi masa sauƙi. Akwai kuma inda koken yake taɓa aljihun wani, idan ana karkatar da wani abu daga abincin ko ana karɓar na goro kafin a bar iyali su shiga. Na uku, wanda mutanen waje ba su cika sani ba, shi ne manyan ƴan kaso da ake naɗawa a kan ƴan uwansu, masu rabon wurin kwana da sa ido. Ƙa'ida ta 40 ta hana a ba ɗan kaso ikon horar da wani ɗan kaso, amma a aikace ta bakinsu rahoto yake isa ofis, kuma saurayi mai ilimi da jama'a suka fara sauraro barazana ce ga matsayinsu. Horon da aka yi wa ƙanenki saƙo ne ga sauran masu dangwala yatsa, don kowa ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Mandela da kansa ya yi shekara 18 a gidan kason tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, daga 1964 zuwa 1982, kuma shi da abokansa sun yi ta kai koke a kan gajeren wando da ake ba baƙaƙen fata, da abinci, da damar karatu. Sun sami wasu daga cikin buƙatun a hankali, amma da aka gano rubuce-rubucen da ya binne a lambun gidan, an hana shi karatu na tsawon shekara huɗu. A gidan yarin Attica na jihar New York a Amurka, koke-koken da aka yi biris da su sun rikiɗe zuwa bore a Satumbar 1971, aka murƙushe shi da bindiga, mutum 43 suka rasa rayukansu, ciki har da ma'aikatan gidan. A California kuwa, a Yulin 2013 kimanin ƴan kaso dubu 30 suka shiga yajin cin abinci don nuna adawa da killace mutane shekara da shekaru a ɗakin kaɗaici, kuma abin da ya kawo gyara na zahiri shi ne ƙarar da lauyoyinsu suka bi a kotu har aka cimma sulhu a 2015. Abin da nake so ki ɗauka daga nan shi ne, ƙoƙarin na ciki yakan kai gaci ne idan akwai na waje masu riƙe da ɗaya bakin igiyar.

Tunda na ambaci yajin cin abinci, ina roƙon ki idan kin ji ƙanenki yana tunaninsa ki hana shi. A 1981 a Arewacin Ayilan mutum goma suka mutu ta wannan hanya, na farkonsu Bobby Sands bayan kwana 66, alhali duniya duka tana kallonsu. Mutumin da dama abincinsa bai ishe shi ba, a zafin bazarar Damagaram, a gidan da babu likita na dindindin, jikinsa ba zai jure ko kusa da haka ba.

Abin da iyali za su yi

Maganar Inna tana da tushe, domin ita ɗanta take so ya fito da rai da lafiya, kuma saura masa shekara biyu. Haka kuma sunan "mai taurin kai" a takardunsa yana iya hana shi shiga cikin waɗanda ake yi wa sassauci a lokutan bukukuwan ƙasa ko sakin talala. Amma shirun iyali gaba ɗaya, a abin da na gani, bai cika kare mutum ba, domin wanda aka ga babu mai tambayar lafiyarsa shi ne aka fi yi wa yadda aka ga dama. Shawarata ita ce shi ya sassauta daga ciki, ku kuma ku ɗauki maganar daga waje, tunda ku babu mai iya kai ku ɗakin horo. Ƙa'ida ta 56 ɗin nan ta yarda da haka: idan ɗan kaso da lauyansa ba su da halin yin koke, wani daga danginsa ko duk wanda ya san maganar yana iya yi a madadinsa.

Ki fara da sayen littafi guda ki riƙa rubuta komai da kwanan wata: ranar da aka kai shi ɗakin horo, ranakun da kuka je aka hana ku shiga, abin da aka faɗa muku a bakin ƙofa, wanda ya raka ki ya gani. Kada ki rubuta jita-jita a matsayin tabbas. Idan wani da aka sako ne ya ba ki labari, ki rubuta cewa ji kika yi, kuma kada ki bayyana sunan wanda yake ciki har yanzu. Alƙali yana iya kawar da kai daga kuka, amma jerin ranaku a rubuce yana da wuyar kawarwa.

Daga nan sai a nemi ganin shugaban gidan cikin ladabi, kuma ya fi kyau a je da dattijo, kawu ko limamin unguwa ko wani mai faɗa a ji. Ba faɗa za a je yi ba. Tambayoyi za a yi masa: wane laifi aka rubuta wa yaron, kwana nawa aka yanke masa, yaushe za a buɗe ziyara. Sau da yawa na ga an warware irin wannan a zaman farko, saboda shugaban ya fahimci cewa akwai idanu a kan maganar, kuma an ba shi hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya a gaban yaransa ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Jami'in da aka tozarta a bainar jama'a yakan huce a kan wanda ke hannunsa idan dare ya yi.

Idan hakan bai yi ba, sai a rubuta takarda zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati a kotun da gidan kason yake ƙarƙashinta, domin sa ido a kan halin da tsararru suke ciki yana cikin aikinsa. Takardar ta zama gajera, ta ƙunshi ranakun nan, ta roƙi abu uku a fili: a ga ɗan kason ido da ido, likita ya duba shi, a mayar da ziyara. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi gida. Idan an yi shiru, sama da shi akwai babban mai shigar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara da ke nan Damagaram, sannan sashen kula da gidajen kaso na ma'aikatar shari'a a Yamai. Lauyoyi ba su da yawa a wajen Yamai, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin iyalai, amma akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa hali a harkar shari'a, ki tambayi ofishinta a babbar kotu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su ANDDH su ma sun saba da irin wannan magana. Idan kuwa kuka ga tabon duka a jikinsa, magana ta sauya, domin azabtarwa laifi ce a dokar ƙasa, kuma ƙa'ida ta 34 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya rubuta alamun da ya gani ya kai rahoto.

Game da sauya masa gida, gaskiya ita ce hukuma tana da faɗin iko a nan, kuma yana da wuya a tabbatar cewa ramuwa ce, tunda za a ce cunkoso ne ko tsaro. Shi ya sa a rigaye su. A cikin takardar a rubuta cewa mahaifiyarsa tsohuwa ce, abincinsa daga gida yake zuwa, kuma ƙa'ida ta 59 ta ce a ajiye ɗan kaso kusa da gidansu gwargwadon iko. Daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, kuma wanda aka kai gidajen kaso irin na Kolo ko Kutukale, da ke kusa da Yamai, daga Damagaram ya rabu da kwanon gida ke nan. Rediyo da Facebook ki bar su a matsayin makamin ƙarshe, kuma sai da yardar shi kansa, domin shi ne zai kwana a hannunsu bayan an gama sharhi.

Mutum biyun nan

Wannan ɓangare ne ya fi taɓa mini zuciya a wasiƙarki. Hukuncin kisa yana nan a kundin laifuffukan Nijar, kuma kotuna suna yanke shi, amma rabon da a zartar da shi tun 1976, bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa Seyni Kountché. A Disambar 2010, lokacin riƙon ƙwarya, an kai wa majalisar tuntuɓa ta ƙasa shawarar soke shi, ta ƙi amincewa. Shugabannin ƙasa kuma sun sha mayar da irin wannan hukunci ɗaurin rai da rai ta hanyar afuwa. Ma'ana, mutumin da aka yanke wa kisa a ƙasar nan yana iya yin shekaru masu yawa yana raye tsakanin tsoro da rashin sanin makoma. Wanda bai yi karatu ba bai san tarihin 1976 ba. Shi dai ya ji alƙali ya ce kisa, kuma duk ƙarar mota da asuba sai gabansa ya faɗi. Dangi sukan yi masa zaman makoki tun yana da rai, saboda kunya ko nisa ko talauci, sai ya rasa mai kawo masa sabulu balle mai bin takardunsa.

Takardun su ne abu na farko. A san kotun da ta yanke hukuncin, da ranar, da ko an ɗaukaka ƙara. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, da kwanaki ake lissafa shi, kuma ɗaurarre yakan bayyana niyyarsa ne ta ofishin gidan kason, don haka mutum mara ilimi da babu mai yi masa bayani yana iya rasa damarsa bai sani ba. Idan hanyoyin kotu sun ƙare, neman afuwa yana nan: sashe na 6 na yarjejeniyar da na ambata ya ba duk wanda aka yanke wa kisa haƙƙin neman afuwa ko sassauci, ya kuma hana yanke shi a kan laifin da aka aikata kafin shekara 18, abin da ke da muhimmanci a karkararmu inda mutane da yawa ba su da takardar haihuwa. Na taɓa tarar da mutumin da afuwa ta riga ta shafe shi, amma babu wanda ya zauna ya sanar da shi, ya ci gaba da kwana da tsoron bindiga. Tambaya ɗaya a ofishin magatakarda ta ishe shi. Kuma ƙa'ida ta 45 ta ce nauyin hukuncin mutum shi kaɗai ba dalili ba ne na killace shi a ɗakin kaɗaici.

Masu hukuncin kisa da kansu sun taɓa sauya doka a nahiyar nan. A Uganda wata mata mai suna Susan Kigula, tare da sama da mutum 400 masu irin hukuncinta, sun kai ƙara, kuma a 2009 kotun ƙolin ƙasar ta ce tilasta wa alƙali yanke kisa ba tare da duba dalilan sassauci ba ya saɓa wa kundin tsarin mulki, ta kuma ce wanda ya wuce shekara uku yana jira bayan tabbatar da hukuncinsa a mayar masa da shi ɗauri. Ita Kigula ta karanta shari'a daga cikin kaso, aka sake ta a 2016. A Najeriya maƙwabciyarmu, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan mutum ya yi shekara goma ba a zartar ba. Chadi kuwa ta soke hukuncin gaba ɗaya a 2020.

Na san akwai masu cewa me ya sa za a tausaya wa wanda ake zargi da zubar da jini, kuma iyalan wanda aka kashe suna da haƙƙi mai girma da bai kamata a taka ba. Amma kai wa ɗaurarre abinci ko rubuta masa wasiƙa bai rage musu komai ba. Alƙur'ani a cikin Suratul Insan ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, kuma tun zamanin Haruna Rashid alƙali Abu Yusuf ya shawarci halifa da a ciyar da ɗaurarru daga baitulmali, a tufatar da su lokacin sanyi da na zafi, kada a ɗaure su ɗaurin da zai hana su salla. Idan za ki nemi taimakon limami ko wata ƙungiyar mata masu kai sadaka gidan kaso a watan azumi, wannan harshen ne za su fi saurin fahimta, kuma su suna iya shiga da kwano da tabarma ba tare da an ɗauke su masu tayar da fitina ba.

Ban ga takardun ƙanenki ba, ban kuma ji ta bakin hukumar gidan ba, don haka ba zan iya ce miki ga yadda za ta ƙare ba, kuma babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke da tabbacin cewa ba za a ƙara matsa masa na ɗan lokaci ba. Ranar da aka bar ku kuka gana, kada ki tsawaita magana a gaban masu tsaro. Ki duba jikinsa, ki tambaye shi kwana nawa ya yi a killace, ki gaya masa ya dakata da tara yatsu, idan yana da koke ya rubuta da sunansa shi kaɗai ko ya faɗa muku ku rubuta. Sannan ki karɓi sunayen mutum biyun, da garuruwansu, da kotun da ta yanke musu hukunci, ki kai wa ofishin taimakon shari'a tare da littafin ranakun nan, a buɗe musu nasu fayil dabam da na ƙanenki don kada taimakonsu ya ci gaba da rataya a wuyansa shi kaɗai.